Farin Sahel da ruwan teku: jawabi ga makiyaya da fatake



Duk dattijon da ke cikinmu bai manta da farin 1973 da na 1984 ba. Garkuna sun ƙare, an sayar da saniya kuɗin tiyar hatsi kaɗan. Bayan asara kuma sai zargi: aka ce dabbobinmu ne suka cinye ciyawa har ƙasa ta yi ƙwal, ruwan sama ya ƙaura. Wani masani ɗan Amurka, Jule Charney, ya kawo wannan bayani a 1975, kuma an daɗe ana dukanmu da shi.

To, a 1986 masanan yanayi na Ingila, Folland da abokan aikinsa, suka duba ma'aunin zafin ruwan teku na shekaru masu yawa, suka ga wani abu dabam. Damanarmu iska ce ke ɗauko ta daga tekun Gine zuwa arewa. Hadarin kuwa yana karkata ne wajen da teku ta fi ɗumi. A shekarun 1950 arewacin Atlantika, can wajen Turai da Amurka, yana da ɗumi, aka yi ruwa har makiyayan Tawa da Agadas. Daga ƙarshen shekarun 1960 ya yi sanyi, tekunan kudu suka ɗumama, sai hadari ya tsaya kudu. Wannan juyi ba na shekara guda ba ne, yana ɗaukar shekaru ashirin ko talatin. Bincike na baya ya nuna hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, mai tare hasken rana, na cikin abin da ya sanyaya wancan ruwa. Binciken Alessandra Giannini na 2003 ya ƙarfafa cewa teku ce babban dalili. Kiwo fiye da kima na ɓata makiyaya, wannan mun sani, amma ba shi ya hana ruwa daga Senegal har Sudan ba.

Tekun Pasifik ma na da hannu. Ɗumamar da ake kira El Nino ta zo a 1972 da 1982, kuma fari ya biyo.

Tun shekarun 1990 arewacin Atlantika ya sake ɗumi, ruwa ya dawo, sai dai da ƙarfi da ambaliya, kamar ta Yamai a 2020.

Zafin teku ba ya sauyawa dare ɗaya, shi ya sa cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke iya fitar da hasashen damana tun wajen Afrilu. Mu nemi a karanta mana shi a rediyo da Hausa da Fulatanci kafin mu yanke shawarar tafiya mashekari ko rage garke, tun farashi bai faɗi a kasuwa ba.