Kafur, Lalle Da Shawarar Jarirai: Jawabi Ga Taron Ƙungiya



Maganarmu ta yau a kan jini ce. A cikin jajayen ƙwayoyin jininmu akwai wani sinadari da likitoci ke kira G6PD. Aikinsa gadi ne, shi ke kare ƙwayar jini kada guba ta fasa ta. To, akwai waɗanda aka haifa da ƙarancinsa, kimanin mutum miliyan 400 a duniya, kuma mu nan Afirka ta Yamma muna cikin masu kaso babba. A Amurka aka gano shi a 1956, bayan an lura maganin zazzaɓin sauro mai suna primaquine yana fasa jinin waɗansu mutane. Masana sun ce mai wannan gado kan sami ɗan sauƙi daga zazzaɓin sauro, shi ya sa ya yawaita a ƙasashe masu sauro.

Gadonsa ake yi, ba ɗauka ba. Ƙwayar gadon tana kan sandar da ake kira X. Namiji guda ɗaya gare shi, daga uwa ya samo ta, mace kuwa biyu gare ta. Shi ya sa abin ya fi bayyana ga maza. Amma kada wani ya koma gida ya tuhumi matarsa, don ita ma gada ta yi, wataƙila ma daga mahaifinta. Ba maita ba ce, ba kuma sammun kishiya ba.

Mai wannan ƙaranci lafiyarsa lau, sai ranar da ya haɗu da abin da ke tada shi. Na farko kafur, wanda mu da kanmu muke sayarwa, ake kuma zuba shi a akwatin kayan jariri. Sai hoda da man shafawa masu mantoleta, da lalle a jikin jinjiri, da waɗansu magunguna irin su dapsone. Alhazanmu da masu zuwa Sudan su kula da waken ful. Zazzaɓi mai zafi ma yana tada shi.

Alamarsa ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, jiki ya mutu. Idan jariri ne, jama'a, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko shanya shi a hantsi. Shawara in ta hau ƙwaƙwalwa tana barin yaro kurma ko nakasasshe, ko ma a rasa shi. A asibiti akan sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila, in ta yi tsanani a canza masa jini.

Roƙonmu guda uku ne. A raba kayan jarirai da kafur. A nemi gwajin G6PD, ɗan jini kaɗan ake ɗiba. Wanda aka samu da shi kuma ya riƙa gaya wa likita kafin a rubuta masa magani. Mu masu shago, in mai jego ta zo sayen kafur, mu faɗa mata gaskiya, ko da cinikin zai wuce mu.

Allah ya raya mana zuri'a. Wassalam.