In Dambu Ya Yi Yawa: Jawabi Kan Nauyin Aiki da Ƙarancin Ma'aikata



Abin da ya tara mu a yau magana ce da kowa ya sani, amma ba a cika faɗinta a fili ba, wato halin ma'aikacin da aka ɗora wa aikin mutum uku, yana ɗauka yana shiru, har ran da jiki ya ƙi. Da mu da muke shirin kama aiki, da ku da kuka riga mu shiga, maganar tamu ce baki ɗaya.

Ƙarancin ma'aikata ba baƙo ba ne a Kano. Bayan rikicin 1966 ma'aikata da yawa 'yan Kudu suka koma gida, aka bar kujeru babu kowa a reluwe da gidan waya da asibitoci. A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano, aka kuwa raba ma'aikatan tsohuwar Gwamnatin Arewa tsakanin jihohi shida, Gwamna Audu Bako ya fara da ɗan kason da ya samu. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 a faɗin ƙasa. A 1976 aka fara shirin ba da ilmin firamare kyauta, yara suka cika azuzuwa fiye da tanadin da aka yi, malamai suka kasa isa. Yau kuma likitoci da nas-nas ne ke tafiya Saudiyya da Ingila. A kowane karo, wanda ya rage shi ke gadon kayan wanda ya tafi.

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Mata da safe, ya ga taron da ke tururuwa zuwa Asibitin Murtala daga cikin Birni da ƙauyuka, ya san nauyin da ke kan masu aikin jinya. Haka malamin makaranta da akawun kotu, kowa da irin nasa.

To, mene ne wannan gajiya? Ba irin ta manomi ba ce, wadda barcin dare ke warkarwa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin larurar da aiki ke haifarwa, ta kuma ambaci alamominta uku: ƙarewar kuzari, da ficewar aikin daga ran mai shi, da raguwar ingancin abin da yake yi. Wanda jiya yake tarbar jama'a da fara'a, yau sai tsawa. Fayil ya kwana wata guda a tebur, a ce malalaci ne, alhali kuwa dambu ne ya yi yawa, ba ya jin mai.

Babban kuskurenmu shi ne ɗaukar shiru a matsayin biyayya. Ma'aikacin da ya toshe gurbi uku bai ce uffan ba, ya ɓoye wa hukuma cewa akwai gurbi. Shugaba ya duba ya ga aiki na tafiya, me zai sa ya nemi ƙarin mutane? Ashe haƙurin namu ne ke tsawaita matsalar, talakan da ke jira a layi kuma shi ke biyan kuɗinta.

Mu leƙa karofin Ƙofar Mata, maƙwabcin wancan asibiti. Marini ba ya danna zane cikin baba ya bar shi. Yakan tsoma, ya ɗaga ya sha iska, sa'an nan ya sāke tsomawa, domin a iskar ne launin yake kamawa. Ɗagawar ma rini ce. Hutu haka yake ga ma'aikaci, wani yanki ne na aikin.

Saboda haka ga abin da muke ba da shawara. Na farko, mu rubuta ayyukan da ke hannunmu, mu kai wa na gaba da mu cikin ladabi, mu roƙe shi ya nuna wanda za a gabatar da wanda zai jira. Rubutu ba rashin kunya ba ne, shaida ce. Na biyu, mu karɓi hutunmu na shekara, tun da ƙa'idar aiki ce ta ba mu, ba alfarma ba. Na uku, mu koya wa na ƙasa da mu, kada mu riƙe sani domin a ce ba a iya kome sai da mu. Na huɗu, mu kai kukan ƙarancin ma'aikata ta hanyar ƙungiyoyinmu, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda kuwa ya ga barci ya ƙaurace masa, ko zuciya ta yawaita ƙunci, ya ga likita, ba abin kunya ba ne. Malamanmu ma sun karantar da mu cewa jiki amana ne, yana da hakki a kan mai shi.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa ɗalibai, gobe mu ne shugabannin ofisoshin nan. In ma'aikaci ya zo mana da irin wannan takarda, kada mu ce a zamaninmu mun ɗauki fiye da haka. Mu karanta, mu rage masa, mu nemo masa mataimaki.

Allah Ya ba mu lafiya da ikon riƙe amana. Wassalam.