Baki, haƙuri da gwada sabon abu: jawabi ga makiyaya da fataken bisashe



Iyayenmu shugabannin rugga, dattawa, uwayenmu mata, samari masu sanda, dillalai da fataken bisashe, muna gaishe ku da tahowa. Mun san akwai wanda ya kwana bisa hanya, akwai wanda ya bar garke a hannun yaro don ya samu halartar wannan taro. Allah ya saka da alheri, ya tsare abin da kuka baro a baya.

Mu da ke tsaye gabanku ba mu yi dogon karatu ba. A aji shida muka tsaya, muka koma bin shanu kamar kowa. Abin da za mu faɗa yau, a bakin rijiya da kasuwa da ƙofar sarakuna muka koye shi. Abu uku ne: iya magana, haƙuri mai aiki, da yarda a gwada abin da ba a saba ba.

Mu fara da baki.

An rene mu da kunya. Fulani na kiranta semteende, kuma ado ce ga mutum. Amma kunyar da za ta hana ka faɗin gaskiyarka gaban mai shari'a, ta zama hasara. Wata kaka, muna samari, shanunmu sun faɗa gonar wani bawan Allah, don an nome burtalin da muka saba bi. Aka kai mu gaban mai gari. Mai gona ya yi bayani tiryan-tiryan, ya kawo shaidu. Da aka juyo gare mu sai muka sunkuyar da kai, zuciya na tafasa, baki ya ƙi buɗewa. Ba wanda ya tada zancen burtali, don mu da muka san da shi ba mu faɗa ba. Aka yanke diyya, muka sayar da karsana muka biya. Mun daɗe muna cewa an zalunce mu. Daga baya muka gane cewa shirunmu ne ya yi rabin aikin.

Akwai kuma wanda bakinsa ke buɗewa, amma da zagi. Wannan ya fi mai shiru haɗari. Dattawa a nan ba su manta da Toda ba, cikin jihar Maradi. A watan Oktoba na 1991, rigimar ɓarnar gona ta kai ga kashe mutane sama da 100, mafi yawansu mata da yara. Allah ya jiƙansu, ya hana mu sake ganin irinta. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

To, yaya ake magana? Ga abin da muka koya. In bisa ta yi ɓarna, ka riga mai gona zuwa. Ka yi sallama, ka jajanta, kada ka fara da musu. Ka bar shi ya gama faɗa tukuna, don mutumin da aka saurara rabin fushinsa ya tafi. Ka nemi a je gonar tare da shaidun ɓangare biyu, a ga abin da aka ci da ido kafin a ambaci kuɗi. In aka sasanta gaban sarki, ka roƙi a rubuta, a ba ka takardarka. In ba a sasanta ba, nan ma a rubuta, don da ita ake zuwa gaban alƙali. Wanda Hausarsa ko Faransancinsa bai nuna ba, ya tafi da tafinta da ya yarda da shi, ba abin kunya ba ne.

Kuma mai magana ya san inda ƙafarsa ta taka. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta ware abin da ke bayanta don kiwo. Kundin dokokin karkara na 1993 ya kawo kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo, kuma makiyaya na da kujera a ciki. Dokar kiwo ta watan Mayu 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ta kuma kare burtali da makiyaya. Amma ta ɗora mana nauyi mu ma: akwai ranar sakin gonaki da hukuma ke yankewa, wanda ya shiga kafin ranar ya ba da kansa. Kujerar da muke da ita a Kofo, in wakilinmu ya je ya yi shiru har aka tashi, daidai take da babu.

Ku ma dillalai da fatake, maganar ta shafe ku. Makiyayi ya kawo sa daga nesa, a yi ciniki a ɓoye, a gaya masa wani kuɗi dabam, a riƙe sauran. Yau ka ci, amma gobe zai ji, don salula ta shiga kowace rugga. Mai shanu a Abalak ko Dakoro na iya jin yadda kasuwar Mai'aduwa ko Illela ta ci kafin ya ɗaura igiya. Dillalin da ke haɗa mai saye da mai sayarwa ido da ido, ya karɓi la'adarsa a fili, shi ne za a riƙa nema shekara da shekaru.

Na biyu, haƙuri.

Wa zai koya wa makiyayi haƙuri? Munyal a jininmu yake. Iyayenmu sun ga fari na 1973 da na 1984, waɗansu sun koma gida da sanda kaɗai, suka sake tada garke da habbanaye, ɗan'uwa ya ba ka aron saniya har ta haihu, ka riƙe ƴaƴan ka maida uwar. Amma haƙuri iri biyu ne. Akwai na zama a naɗe hannu a ce haka Allah ya so. Akwai na komawa ƙofa guda sau goma har ta buɗe.

Burtalin nan da ya ci mana karsana, daga baya mun tashi neman a fidda shi. Zuwan farko aka ce shugaba ba ya nan. Na biyu aka ce mu rubuto takarda. Muka rubuto, aka ce ta ɓace. Waɗansu cikinmu suka yi fushi suka janye, suka ce ai an raina mu. Mu kuwa muka koyi yin kwafi biyu, a buga hatimi bisa namu, mu rubuta ranar da muka kai. Muka je wajen manoman da kansu, gida gida, muka tuna musu cewa su ma suna da bisashe, kuma hanyar da aka toshe ita ke tura shanu cikin hatsinsu. Dattawansu suka nuna itatuwan da ke iyaka tun zamanin kakanni. Sai da damana uku ta wuce kafin a kafa alamu. Mutum ba ya fita irin wannan tafiya yadda ya shiga. Mun shiga muna tsoron buro, mun fito mun san wa ake gani, me ake faɗa, wace takarda ake riƙewa.

Na uku, gwada sabon abu.

Nan ne muka fi taurin kai, mu faɗi gaskiya. Kakanninmu sun gudu da shanu cikin daji don kada a yi musu allura. Amma allurar nan ce ta kashe bushiya, ciwon da ke share garke ƙaf, har a 2011 aka bayyana cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. Ciwon huhu kuwa yana nan, haka annobar awaki da tumaki. Wanda ya ɓoye rabin garkensa ranar rigakafi, ya cuci kansa ya cuci maƙwabcinsa a mashaya.

A 2010 mun sha darasi mai ɗaci. Damanar 2009 ba ta yi ba, tun kaka kowa ya ga ciyawa ba za ta kai ba. Waɗanda suka rage garke da wuri, suka sayar da tsofaffin shanu da bijimai suna da ƙiba, suka sayi hatsi da dusa, sun tsira da iri. Mu da muka ce ba a sayar da gado, mun riƙe har bazara, lokacin da saniya ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, kuɗinta kuwa bai kai abin faɗa ba. Da ruwan farko ya sauka, sanyi ya ƙarasa raunanan. Yawan kai ba shi ne dukiya ba, abin da ya kai damana da rai shi ne naka.

Ga kuma abubuwan da muka raina da farko, yanzu muke yi. Tanadin harawa da karan dawa tun kaka, a ɗora a inuwa. Haɗa kuɗi a sayi dusa da angurya tun suna da araha, a aje a rumbun ƙungiya. Gyaran busasshiyar ciyawa da takin ure: kilo 5 cikin lita 50 na ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na ciyawa, a danne a rufe ruf kamar sati uku, a shanya ta sha iska kafin a ba bisa. Amma kada wanda ya fara sai da ma'aikacin kiwo a kusa, don ure in ya yi yawa guba ne, kuma ba a ba doki ko jaki ko maraƙin da ke shan nono. Ba mu ce ku gwada da garke duka ba. Ku ware shanu biyu, ku duba bambanci, ido zai yi muku hukunci.

Mafi girman sabon abu shi ne karatu. Ajin yaƙi da jahilci ba na yara ba ne. Mun ga dattijo mai furfura ya koyi rubuta sunansa da lissafi cikin rani guda, tun ranar ba wanda ya sake sa shi dangwala yatsa bisa takardar da bai san abin da ke ciki ba. Kowane gida ya sa yaro lakkwal, mace da namiji. Uwayenmu mata, ku da ke riƙe da nono da man shanu da awaki, in an zo taro ku matso gaba ku yi magana, don rabin dukiyar rugga a hannunku take.

Kafin mu tashi, muna roƙon kowa ya ɗauki alkawari guda tsakaninsa da Allah. Wani ya je ya gaida mai garin da zai ratsa tun kafin shanu su iso. Wani ya tambayi ranar zaman Kofo na garinsu. Wani ya aje harawa bana. A taro mai zuwa za mu tambayi juna, mu ma ku tambaye mu.

Wanda muka saɓa wa cikin magana ya yafe mana. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya ba manomi da makiyayi zaman lafiya, ya maida kowa gidansa lafiya.