Tartsatsin Hunturu da Jarkar Fetur

 

Yau maganarmu a kan wani abu ce da kowa ya sani amma aka raina shi. Da hunturu, idan ka yaye bargo cikin duhu, za ka ji ƙas-ƙas, har ka ga wuta ƙanana suna walƙiya. Ko ka sauko daga mota, ka taɓa ƙofa, ka ji abu ya ja ka. Makiyayi ma ya san shi idan ya shafa bayan doki da dare. To, wannan wutar lantarki ce, wadda a Nijar ake ce wa kuran, sai dai ba ta waya ba ce. Goguwar abu da abu ke haifar da ita, ta taru a jikin mutum ko ƙarfe ko roba, tana neman hanyar sauka ƙasa. Da damina laimar iska na kwashe ta a hankali. Da hunturu iska ta bushe, sai ta yi ta taruwa har ta yi tsalle. Wadda ka ji a yatsanka ta kai kimanin bolt 3,000, amma ba ta da nauyi, shi ya sa ba ta kisa.

To ina haɗarin? Yana wajen fetur. Ba ruwan man ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Tururin ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa-ƙasa, yana cika bakin jarka da cikin rumfa, kuma tartsatsin da bai kai wanda kake ji ba ya isa ya kunna shi. Mun tuna tankar da ta fashe kusa da filin jirgin saman Yamai a watan Mayun 2019, mutum fiye da 50 suka rasu, da ta Majiya a Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda aka rasa fiye da 150. Allah Ya jiƙansu. Ba ina cewa tartsatsin hunturu ne ya jawo waɗannan ba. Na kawo su ne don mu ga abin da tururin fetur ke yi idan ya samu ƙyas ɗaya.

Ga inda abin yake shafar ɗan kasuwa. Shi kansa fetur, yayin da yake gudu cikin tiyo ko yake faɗawa cikin jarka, yana tara wannan wuta. Idan duro ko tano yana kan amalanke ko kura mai tayar roba, roba ta raba shi da ƙasa ke nan, wutar ba ta da mafita. Haka kantar ƙarfe da aka ɗora kan katako ko leda. Tana nan tana jira, sai ka kawo mazurari ko hannu kusa, ta yi tsalle a daidai inda tururi ya fi yawa.

Maganin ba tsada. Na farko, sauke jarka ko bido a ƙasa kafin ka zuba mai. Kada ka cika ta a bayan mota ko a kan kura.

Na biyu, ka kafa rodi a gefen rumfa, ka buga shi ya shige ƙasa sosai, ka ɗaura masa wayar jan ƙarfe, ɗaya bakin ka ɗaure a jikin kanta ko duro da noti. Ka kankare fenti da tsatsa tukuna, don sai ƙarfe ya taɓa ƙarfe wutar ke wucewa. Yashinmu busasshe ne, saboda haka a riƙa zuba ruwa a gindin rodin.

Na uku, idan za ka juye mai daga duro zuwa duro, ka haɗa su biyun da waya kafin ka buɗe murfi. Haka ake yi wa tanka a depo kafin a yi mata lodi.

Na huɗu, kura da amalanke a ɗaura musu guntun sarƙa a jikin ƙarfen, ta riƙa jan ƙasa. Tana ragewa, amma ba ta ɗauke maka sauke jarka ba.

Jarkar roba kuwa, waya ba ta yi mata aiki, don roba ba ta ba wuta hanya. Ita sai haƙuri: a zuba a hankali, bakin tiyo ya kai gindi kada mai ya riƙa fantsama, kuma kada a goge ta da busasshen tsumma. Kai ma, kafin ka taɓa murfi, ka dafa rodin ko wani ƙarfe da ke ƙasa, nesa da bakin jarka.

Masu gyaran salula, ku ma da ku: wannan wuta tana ƙona ƙananan kayan cikin waya ba tare da ka ji komai ba. Ku haɗa teburin ƙarfe da ƙasa, ku dafa shi kafin ku buɗe wayar mutane.

Makiyaya, ku ji wannan da kyau: rodin da muka faɗa ba maganin aradu ba ne. Idan hadari ya taso, a nisanci dogon itace da ƙarfe. Man babur kuma da kuke saya a kwalba, a ajiye shi nesa da murhu da shimfiɗar yara.

Rigakafi ya fi magani. Wanda ya ji ya gaya wa maƙwabcinsa a tasha da kasuwa. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.