Mazan Jiyanmu na Yaƙin Bama: Jawabi a Taron Shekara-Shekara na Ƙungiya

 

Bana mun roƙi kwamiti ya ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan waɗansu iyayenmu da muke gab da mantawa, wato mazan jiya da suka je Yaƙin Bama.

Duk wanda ya karanta tarihin Yaƙin Duniya na Biyu ya ji labarin tsibirin Iwo Jima, inda sojojin kundumbala na ruwa na Amurka suka sauka ranar 19 ga Fabrairu, 1945, aka kashe musu mutum wajen 6,800 cikin mako biyar. Amurkawa sun gina musu gunkin tunawa kusa da Washington a 1954, sun kuma rubuta littattafai ba iyaka. Abin da ba a cika gaya wa yaranmu ba shi ne, a wajejen wannan lokaci ana wani yaƙin tsibirai a gaɓar Arakan ta ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar, kuma 'ya'yan manoman ƙasar Dambatta da Makoɗa da Kunchi da Bichi suna cikin wannan fagen.

Ku dubi ko su wane ne. Samari ne da suka tashi a tsakanin gero da dawa da gyaɗa, a ƙasar da gona ke jingine da gona, ba dajin da za a ɓata a ciki. Babban ruwan da suka sani shi ne rafin Tomas idan ya kawo da damina. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero aka ɗebe su, wasu da son ransu saboda albashi da kaki, wasu kuwa dagaci ne ya nuna su don ya cika adadin da aka ɗora masa. Aka kai su Ikko a jirgin ƙasa, aka zuba su a jirgin ruwa, suka yi makonni a kan teku har Indiya. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta tafi a 1943, ta 82 ta bi ta a 1944.

Turawa suna bukatar tsibiran Akyab da Ramree ne domin filayen jirgin sama, ta yadda za su riƙa kai wa mayaƙansu abinci da harsashi a kan hanyar Rangun. Sojojin Ingila da na Indiya, da 'yan kundumbalar ruwa na Ingila a cikinsu, su suka shiga ta teku: Akyab ranar 3 ga Janairu, 1945, Ramree kuma ranar 21 ga watan. Namu mutanen aka ba su aikin tudu, su gangaro ta kwarin kogin Kaladan su matsa wa Japanawa ta baya. Da masu zuwa ta teku suka sauka Akyab sun tarar abokan gaba sun riga sun janye. Kafin ƙarshen Janairu rundunonin nan biyu suka haɗu suka ƙwace Myohaung, tsohon birnin sarautar Arakan, sannan ta 82 ta ci gaba kudu ta Dalet da Tamandu.

A nan muke so mu daɗe kaɗan, domin a nan ne aka fi tauye musu haƙƙi. Duwatsun Arakan ba hanyar mota. Jirgin sama ke jefo kaya da laima, sai 'yan dako su naɗe gammo su ɗauka a ka, su hau dutse su gangara, su ratsa rafi, su sare hanya da adda. Yawancinsu ba a ba su bindiga ba, alhali harsashi bai san wannan bambancin ba. Ga ruwan sama na watanni, ga matsattsaku, ga zazzaɓin cizon sauro da atuni. A ganinmu ɗan dakon nan bai gaza mai bindiga da komai ba, ko da yake shi ne ba a yi wa kirari. Da aka gama kuma, kuɗin sallamar da aka ba baƙar fata bai kai na Bature mai irin muƙaminsa ba.

Ku da kuke birni kuna wuce sunayen wuraren nan kullum. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, na Myohaung da na Arakan da na Dodan a Ikko, na Chindit a Zariya, duk daga Bama aka samo su. Soja sun adana sunayen wuraren da aka yi yaƙin. Na mutanen kuwa, waɗanda ba su dawo ba kuma ba a san kabarinsu ba, suna can a bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, cikin sunaye kusan 27,000, inda da wuya wani ɗan garin nan ya taɓa zuwa ya yi musu addu'a.

Waɗanda suka dawo mu mun tashi mun same su. Su ne 'yan dokan En'e, da masinjojin hakimi, da direbobin manyan motocin gyaɗa, da masu gadin makarantunmu. Mun ga wanda yake goge lambarsa mai siffar tauraro duk ranar salla. Saurayin da yake da shekara ashirin a 1945, yau da ya kai ɗari. Sun tafi, Allah ya jiƙansu. 'Ya'yansu, wato tsararrakinmu, mu ne na ƙarshe da muka ji labarin daga bakinsu, mu ma kuma ga furfura.

Saboda haka muna gabatar wa taro shawara. Kowane mai unguwa ya tattaro sunayen mutanensa da suka je Bama, da sunan mahaifi, da ko mutum ya dawo ko bai dawo ba. Gidan da ke da littafin sallama, ko lamba, ko hoto a cikin adakar tsohuwa, a kawo wa sakatare ya ɗauki hotonsa ya mayar wa masu shi nan take, kada a riƙe kayan kowa. Reshen Kaduna da na Abuja su tuntuɓi ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion. Abin da aka samu a buga shi a mujallar baɗi, a kuma karanta shi a makarantun firamarenmu ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, bayan an yi musu addu'a.

Muna roƙon shugaban taro ya sa a zaɓi mutum biyar da za su riƙe wannan aiki kafin a tashi.