Zaɓen Lambar Inshora ga Takalmin Tallafar Ƙafa a Greensboro



Maganata kan takalmin tallafar idon sawu ce, da lambar da ake rubuta masa kafin inshora ta biya. Mutanenmu na nan Greensboro, musamman 'yan Nijar, sukan karɓi takalmin a asibitin Cone Health ko wurin likitan ƙafa, su sa hannu su kama gabansu. Lambar nan kuwa tana bin mutum shekara 5.

Tsarin lambobin sunansa HCPCS, na takalman nan kuma da harafin L suke farawa. A Karolina ta Arewa kamfanin CGS ne ke duba takardun neman kuɗin inshorar Medicare na irin wannan kaya, ofishin PDAC kuma, wanda Palmetto GBA ke riƙe da shi tun 2019, shi ke tantance lambar da ta dace da kowane samfuri.

Tun 2014 aka raba wasu lambobin gida biyu, kuma nan ake yawan tuntuɓe. Ɗauki takalmin nan mai famfon iska da ake ba mai targaɗe. In an ciro shi daga kwali, an ja maɗaurai, an hura iska, L4361 ke nan. In ƙwararre ya datse shi, ya lanƙwasa, ya gyara shi daidai da ƙafar, sai L4360. Takalmi ɗaya ne. Aikin hannu ya raba su, kuma dole a rubuta aikin dalla-dalla a fayil. Jan maɗauri ba gyara ba ne, komai daɗewar da aka yi ana ja. Wanda ake ƙerawa daga siffar ƙafar mutum, kamar L1960, ko L1970 mai gaɓa a idon sawu, sai da hujja: misali lalurar za ta wuce wata 6, ko na kwali ya ƙi zama. A haɗa da RT ko LT don nuna dama ko hagu, da KX in sharuɗɗa sun cika. Takalmin da aka bayar don kawai a rage wa gyambo nauyi, Medicare ba ta ɗaukarsa a matsayin takalmin tallafi.

Tsaurin yana da dalili. A watan Afrilun 2019 hukumomin Amurka suka bankaɗo damfarar irin waɗannan kaya ta fiye da dala biliyan 1.2.

Ga inda gizo ke saƙa. A ce dattijuwa ta yi targaɗe bara, aka ba ta na kwali a ƙafar dama. Bana ɓarin jikinta ya shanye, tana jan ƙafar, tana bukatar L1960. Kwamfutar Medicare ta ga an taɓa biyan makamancinsa cikin shekara 5, sai ta ƙi. Akwai mafita, domin doka ta yarda da sabo in lalura ta canza, ko na farko ya ɓata ko ya lalace ta yadda ba ya gyaruwa. Amma sai likita ya rubuta canjin ƙarara, sau da yawa kuma sai an ɗaukaka ƙara, ita kuwa tana gida tana jira.

Shi ya sa nake ganin kafin a miƙa kowane takalmi, mai bayarwa ya duba tarihin majiyyaci a shafin CGS. Ku kuma tafintoci, in aka kawo takardar ABN, wadda ke cewa ƙila Medicare ta ƙi biya, ku karanta wa irin wannan dattijuwa adadin kuɗin da zai hau kanta kafin ta ɗauki biro.