JAWABIN FASTO A BIKIN JUBILI NA SHEKARA 50: RIƘON AMANAR MAKARANTARMU

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya kawo mu shekara ta hamsin.

A Littafin Firistoci sura 25, shekarar Jubili shekara ce ta mayar wa kowa gādonsa. Cikin gādon da iyayenmu suka bar mana, bayan Bishara, babu kamar makaranta. Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aka kuma buɗe makarantun Gindiri a 1934, masu bi suka gane cewa aji da ɗakin sujada tare suke tafiya. Iyayenmu sun kwaɓa ƙasa, mata sun ɗebo ruwa, aka gina azuzuwa da gayya. A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓi makarantun mishan, daga baya ikilisiyoyi suka sake gina nasu. Tambayar da ke gabanmu yau ita ce, yaya muke riƙon namu?

Mu tuna da 2 Sarakuna 6:1-7. Wurin karatun almajiran Elisha ya yi musu kaɗan, sai suka tafi Urdun saran itace. Ruwan gatarin ɗayansu ya faɗa kogi, ya yi kuka domin gatarin na aro ne. Bai ɓoye ba, ya faɗa wa malaminsa nan take, ya kuma nuna daidai inda ya faɗa. Sa'an nan Allah ya sa ƙarfe ya taso kan ruwa. 'Yan'uwa, benci da allo da kwamfuta duk na aro ne. Na Ubangiji ne, na kuma jikokinmu. Saboda haka muna roƙon Ikilisiya ta amince da abubuwa huɗu.

1. Gine-gine. A duba kwanon rufi kafin damina, gama ƙusa ɗaya da aka ƙyale a Afrilu takan zama silin da ya rufto a Agusta. A ɗaga littattafai daga ƙasa saboda gara. A gyara makewayi, na 'yan mata dabam da ƙofa mai kulle, da ruwa kusa. Yarinya da ta fara girma takan ƙi zuwa makaranta saboda rashin wannan kaɗai.

2. Kwamfuta. Tun 2015 hukumar JAMB take yin jarrabawarta da kwamfuta zalla. Yaron da bai taɓa sa hannu a kanta ba sai ranar jarrabawa, an cuce shi, ko da ya fi kowa ƙoƙari. Kulle na'urori a ofishin hedimasta don kada su lalace daidai yake da aikin bawan nan na Matiyu 25 wanda ya binne talantinsa. A ba kowane aji lokacinsa a mako, a fara koya wa malamai kansu, a kuma sa babba ya zauna tare da yara duk lokacin da suka shiga intanet. A rufe na'urori da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, a riƙa share gilashin sola, a tuna kuma batir yana tsufa, dole a tanadi kuɗin canza shi.

3. Littafin kaya. Duk abin da aka saya ko aka kawo kyauta a rubuta shi, da rana, da wanda aka danƙa wa. A ƙirga a ƙarshen kowane zangon karatu. Wanda ya ari kujerun makaranta don biki ko zaman makoki ya sa hannu, ya kuma mayar kafin Litinin.

4. Asusun gyara. A zamanin Sarki Yowash, firist Yehoyada ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade don gyaran Haikali, mutum biyu kuma ke ƙirga kuɗin (2 Sarakuna 12). Mu ma mu ware asusu dabam wanda ba za a taɓa shi don wata hidima ba, kwamiti ya riƙa karanta rahoto a gaban Ikilisiya bayan wata uku-uku.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tsofaffin ɗalibanmu da ke nan, kafintoci, magina, masu gyaran wuta, kowa ya ɗauki aji ɗaya ko aiki ɗaya. Baiko ba kuɗi kaɗai ba ne.

Yawancinmu ba za mu ga bikin shekara ɗari ba, amma yaran da ke zaune a bencin nan za su gani. Bari su tarar da abin da za su yi wa Allah godiya a kai.

Ubangiji ya ba mu aminci cikin ƙaramin abu da babba. Alherinsa ya kasance tare da mu duka. Amin.